Ashana, zif da ɗan makulli: me ke riƙe ƙagaggen labarin da aka gina a kan ƙananan abubuwa?

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga marubuta da masu tace rubutu ce. Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ba kisa a cikinsa, ba cin amana, ba dukiyar da ake rigima a kanta. Mutum ne kawai ya tashi, ya wanke fuska, ya ja zif ɗin jakarsa, ya kulle ƙofa ya fita, marubuci kuma yana so mai karatu ya ji waɗannan abubuwa sun zama sababbi a idonsa. Masu gwadawa suna da yawa, amma rubutun kan mutu kafin shafi na goma: shafi biyun farko da daɗi, daga nan sai jan ƙafa. Me ke riƙe irin wannan littafi har ƙarshe? Hanyar aiki nake so a baje mana.

Malam Ɗahiru: Wa alaikumus salam, Malama. An yi shi, kuma ya tsaya da ƙafarsa. The Mezzanine na Nicholson Baker, wanda ya fito a Amurka a 1988, bai kai shafi 150 ba, kuma abin da ke faruwa a zahiri shi ne wani ma'aikacin ofis ya dawo daga hutun rana ya hau matakalar lantarki zuwa benen da yake aiki. Sauran duk tunaninsa ne a kan igiyar takalmi da na'urar busar da hannu da makamantansu. Kafin shi da kusan shekara 200, Xavier de Maistre ya rubuta littafin zagaya ɗakinsa, bayan an tsare shi a gida kwana 42 a Turin ta Italiya. An buga shi a 1794.

Abin lura a duka biyun shi ne shinge. Ɗaya yana da ƙasan matakala da samanta, ɗayan yana da bango huɗu da ƙidayar kwanaki. Saboda haka matakin farko, tun kafin a zaɓi ashana ko zif, a zaɓi ɗan gajeren lokaci wanda mai karatu yake hango ƙarshensa: daga tashi barci zuwa kulle ƙofa, ko zaman jiran mota na minti 20. Idan ya san inda za a sauka, zai jure kowane ratse. Idan bai sani ba, ratse na uku zai ajiye littafin.

Sai lissafi. Mai karatu na yau da kullum yana cin kalma 200 zuwa 250 a minti. Ƙyasta ashana daƙiƙa biyu ce. Ka ba ta kalma 500, ka tsayar da shi minti biyu, wato ka ninka lokacin sau 60. Dole a sami abin da za ka ba shi a madadin wannan jira.

Injiniya Habu: Abin da za a ba shi shi ne yadda abin yake aiki. A ɗauki ashanar da Malam ya ambata. Mutane da yawa suna zaton wutar duk a kan tsinken take. Ba haka ba ne, raba ta biyu aka yi. A kan tsinken akwai fotashiyam kilorat, mai sakin iskar oksijin idan ya ji zafi, da abin da zai ci wutar irin su farar wuta, da gam da ya haɗe su. A gefen kwalin kuma, wannan ja-ja-ja mai kaushi, akwai jan fosfaras da garin gilashi. Idan aka goga, zafin gugar yana mayar da ɗan mitsitsin jan fosfaras ya zama fari, shi kuwa farin yana kamawa da zarar ya haɗu da iska. Shi ke kunna kan tsinken. Kan ya kunna kakin da aka jiƙa wuyan tsinken da shi, kakin ya miƙa wa icen. Wuta huɗu a jere cikin ƙiftawar ido, kowace tana miƙa wa ta gaba. Har icen ma an tsoma shi a wani magani don kada ya ci gaba da ci kamar garwashi bayan an hure.

Wani ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Erik Pasch, ya yi rajistar dabarar raba su a 1844. Tsohuwar ashana mai farin fosfaras a kanta tana kamawa a jikin kowane abu mai kaushi, kuma gubarta tana ruɓar da ƙashin muƙamuƙin masu aikinta. Yana cikin abin da ya sa 'yan matan wata masana'antar ashana a Landan suka yi yajin aiki a 1888.

Hajiya Zainab: Injiniya, na ƙaru, amma wannan darasin kimiyya ne. Ka sa fotashiyam kilorat a bakin tauraron labari, mai karatu zai ji muryar malamin aji. Ni a ganina yawan bayani shi ke kashe mamaki. Abin da aka warware maka gaba ɗaya, me ya rage ka yi al'ajabinsa?

Injiniya Habu: Hajiya, sunayen magungunan a bar su a littafin ajiyar marubuci, na yarda. Amma dole ya san su. Wanda bai sani ba zai rubuta "wuta ta tashi", ya tsaya nan. Wanda ya sani zai iya rubuta cewa mutumin yana yawo da rabin wuta a cikin kwali, ɗaya rabin a jikin kwalin, kwali ɗaya tak a tsakaninsu, kuma ba su taɓa haɗuwa sai ya so. Babu sunan magani a nan, kuma ba a iya rubuta shi sai da sanin.

Bashir: Ina tare da Injiniya. Mamakin da bayani ke kashewa dama ba mai ƙarfi ba ne.

Sadiya: Yayyena, ga sakin layi daga babin da nake aiki a kai, a duba min:

"Ya kama zif ɗin jakarsa, wannan abu mai ban al'ajabi da mutane ba su san darajarsa ba. Ya ja shi a hankali, haƙoransa masu ƙyalli suka rungumi juna cikin aminci, kamar masoyan da suka daɗe ba su haɗu ba. Lallai a cikin ƙaramin abu akwai babban darasi."

Malam Ɗahiru: Ƙanwata, jimla uku ce, kuma kowace tana da ciwonta. Ta farko ta gaya mana mu yi mamaki tun ba mu ga komai ba. Kalmar "al'ajabi" da 'yan'uwanta kada su fito a irin wannan littafi ko sau ɗaya, aikin mai karatu ne ya furta su. Ta biyu ta gudu daga zif ta koma wurin masoya, wato ke da kanki ba ki yarda zif ya isa a kalle shi ba. Ta uku wa'azi ce, a goge ta. Gwada wannan: ki cire kalmar "zif" ki sa "maɓalli". Idan sakin layin bai lalace ba, to ba a kan zif aka rubuta shi ba.

Baba Isa Tela: 'Yata, ki ɗauko zif na ƙarfe ki duba shi a haske. Kowane haƙori yana da ɗan tudu a samansa da ɗan rami a ƙasansa. Tudun na hagu yana shiga ramin na dama da ke bisansa, haka har sama. Da hannu ba za ki iya haɗa su ba, domin sai sun shigo a karkace sannan tudun zai sami hanya. Aikin kan zif ke nan. A cikinsa akwai hanya biyu da suka haɗe suka zama ɗaya, da ɗan tsinin ƙarfe a tsakiya. In an ja sama, hanyar tana karkato haƙoran ta cusa su cikin juna. In an ja ƙasa, tsinin yana ratsa su ya raba.

Lambar da kike gani a bayan kan zif, 3 ko 5 ko 8 ko 10, kusan faɗin haƙoran ne a rufe da milimita. Kan lamba 5 ba ya zama a kan lamba 3.

Matsalar da ta fi yawa ita ce a ja ya rufe, sai ya buɗe ta baya. Mutane sukan ce haƙora sun lalace, su canza zif ɗin gaba ɗaya. Akasari haƙoran lafiyarsu lau, bakin kan ne ya buɗe saboda yawan ja, ya daina matse su. Sai a mayar da shi farko, a sa filaya a ɗan matse bayansa, gefen hagu kaɗan, gefen dama kaɗan, a gwada. Kada a danna da ƙarfi, yawancinsu da tutiya aka zuba su, karyewa suke yi. In kuma cijewa yake, a goga bakin fensir ko kyandir a haƙoran.

Hajiya Zainab: To kun ga, wannan na Baba ya fi kama ni. Kuma na gane dalili: ya kawo inda abin ke lalacewa. Zif mai lafiya na masana'anta ne, duk iri ɗaya. Zif mai buɗewa ta baya na wani mutum ne, kuma wannan mutumin dole yana da dabarar da yake lallaɓa shi da ita kullum. A nan ɗan Adam ke shiga labarin.

Sadiya: Na sake. Ga shi:

"Ya ja zif ɗin har ƙarshe, ya ɗaga jakar, sai bakinta ya wangale daga tsakiya. Kan zif ɗin yana can ƙurya inda ya kamata, amma haƙoran da ya baro a baya sun saki juna. Ya mayar da shi farko. Wannan karon ya matse bayansa da babban yatsa da manuni, ya riƙa ja kaɗan kaɗan yana jin kowane haƙori na faɗawa ramin ɗan'uwansa. Daidai inda ƙyallen ya yi baƙi don yawan kamu, hannunsa ya rage sauri ba tare da ya duba ba. Tun damina yatsunsa ke yin haka. Shi sai yau ya sani."

Malam Ɗahiru: Madalla. Yanzu ba siffa ko ɗaya ta yabo, kuma mun san mutumin: ba ya yar da abu, ba ya kai gyara, yana gaggawa da farko sannan ya yi haƙuri. Gyara ɗaya: jimlar ƙarshe tana da kyau sau ɗaya. Idan kowane babi ya ƙare da "sai yau ya lura", zuwa babi na huɗu mai karatu ya gano ƙafar dabarar.

Bashir: Malam, wannan "hannu ya sani, kai bai sani ba" shi ne tushen nau'in gaba ɗaya. Wani manazarcin adabi ɗan Rasha, Viktor Shklovsky, ya yi bayaninsa a wata maƙala a 1917: sabo yana sa mu daina ganin abu, gane shi kawai muke yi mu wuce, aikin adabi kuwa shi ne ya jinkirta wannan ganewar har ganin ya dawo. Hanya mafi sauƙi ita ce a hana abin sunansa na ɗan lokaci, a faɗi abin da yake yi.

Ga atisaye. A ajiye abu ɗaya a kan tebur, a sa agogo minti 20, a rubuta layi 40 a kansa, suna da aikatau zalla, ba siffa. Layi goman farko abin da kowa ya sani ne, a zubar. Wajen layi na 20 za a ji an ƙare, a nan gizo ke saƙar, kada a tashi. Abin amfani yana fitowa ne bayan an gaji: cizon haƙori a murfin biro, ƙaramar hudar da ke jikinsa, gefen da rubutun kamfani ya goge domin nan yatsa ke zama. Marubucin Faransa Georges Perec ya yi irin wannan a babban mataki a watan Oktoba na 1974, ya zauna kwana uku a dandalin Saint-Sulpice a Paris yana rubuta motocin haya da tattabaru da masu wucewa.

Malama Rabi: Duk na ji. Amma ba a amsa min inda ya fi damuna ba. Sakin layi ɗaya mai kyau ba littafi ba ne. Babi 15 na zif da ashana da biro a jere, me ya raba su da kundin bayanin kaya? Me ke tafiya gaba?

Hajiya Zainab: Maimaici mai sauyi, Malama. A zaɓi abubuwa kaɗan, biyar ko shida sun isa littafi, kada a kawo sabo kowane babi. Kowanne ya dawo aƙalla sau uku. Zuwan farko a nuna yadda yake aiki. Na biyu a nuna inda ya koyi riƙe shi haka, wa ya gani yana yi. Na uku wani abu ya sauya: wani ya taɓa shi, ko ya lalace, ko an maye shi da sabo wanda hannun bai san shi ba. Mutumin da ya saba ajiye kofi biyu kowace safiya, ranar da ya ɗauko biyu ya tsaya ya mayar da ɗaya, an ba da labarin rashi gaba ɗaya ba tare da an ambace shi ba.

Malam Ɗahiru: Na yarda da dawowa sau uku, amma ina da tsoro a kan misalin kofin, Hajiya. Da zarar kowane abu ya zama alamar wani ciwo, an koma tsohon labari ta ƙofar baya. Mai karatu zai daina kallon kofi, ya fara neman gawa. Kwaɗon ƙofa ya zama zuciyar da aka rufe, agogo ya zama ajali. Irin wannan littafi yana buƙatar a bar wasu abubuwa su zama kansu kawai, a yi murna da su don wani mutum da ba mu sani ba ya zauna ya yi tunanin hudar da ke jikin biro, don iska ta shiga tawada ta ci gaba da sauka.

Hajiya Zainab: Ban ce kowanne ba, Malam. Ɗaya cikin shida. Sauran biyar su sha iska. Amma in babu ko ɗaya da ke da nauyi a zuciyar mutumin, ni dai ba zan kai babi na takwas ba, kuma ba ni kaɗai ba ce.

Malam Ɗahiru: Ɗaya cikin shida na karɓa, da sharaɗin mai ba da labari kada ya fassara shi.

Sadiya: Ratse fa? Tunani yana jan tunani, sai a waiga a ga an bar mutumin tsaye a bakin ƙofa shafi shida.

Bashir: Hawa biyu ya isa. Daga makulli a tafi ga wanda ya yanka shi, daga nan a tafi ga ƙarar injin yankan, sai a dawo. Hawa na uku mai karatu ya manta daga ina aka taso. Kuma kada a wuce kalma 400 ba a taɓo jikin mutumin ba, ko da rabin jimla ne: makullin har yanzu yana hannunsa, ya fara ɗumi. A dawo ta inda aka fita, da abu ɗaya da ya ɗan motsa gaba.

Baker ya zuba ratsensa da yawa a bayanin ƙasan shafi, wani har ya kusa cinye shafin. A takarda yana aiki, domin ido yana ganin sama da ƙasa lokaci guda. A fuskar waya ba ya aiki, sai an latsa an tafi wani wuri an dawo. Wanda ya san a waya za a karanta shi, ya saƙa ratsen a cikin jikin rubutun.

Injiniya Habu: Ƙarin gargaɗi: kuskure ɗaya a irin wannan littafi ya fi goma a wani. Duk jarin marubucin shi ne "na duba da kyau". Misalin da ake yawan faɗawa: a rubuta cewa ƙarar ruwa a kan wuta tana ta ƙaruwa har ya tafasa. A saurara. Ƙarar ta fi yawa kafin tafasa. Ƙasan butar ya yi zafi, ƙwayoyin tururi suna tasowa, sai su tarar da ruwan sama bai kai zafinsu ba, su fashe a hanya. Fashewarsu ce wannan shuuu ɗin. Idan ruwan duka ya kai digiri 100, suna isa sama lafiya, sai ƙarar ta sauka ta koma ɓul-ɓul mai taushi. Wanda ya saba yana gane ruwa ya kusa daga wani ɗaki, da saukar ƙarar. Haka biro: ba ya daɗewa yana rubutu in bakinsa na kallon sama, domin tawadar tana ja da baya iska ta shiga bayan ƙwallon. Duk abin da za a rubuta, a yi shi da hannu sau ɗaya ana kallo kafin a rubuta.

Malama Rabi: Injiniya, tunda shingen Sadiya a kulle ƙofa zai ƙare, ba ta kayan aikin babin ƙarshe.

Injiniya Habu: To. Makullin ƙofa irin wanda aka fi sani, Linus Yale ƙarami ne ya daidaita shi a Amurka a shekarun 1860. A ciki akwai 'yar ganga da ɗan makulli ke shiga, tana zaune cikin gida na ƙarfe. An huda ramuka a jere, galibi biyar, sun ratsa daga gidan zuwa gangar. Kowane rami yana da fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin yana danna su ƙasa. Filolin ƙasa tsayinsu ya bambanta. In ba makulli, na sama suna gicciye tsakanin ganga da gida, ba ta juyawa. Tudu da kwarin da ke jikin ɗan makulli suna ɗaga kowane fil daidai gwargwadonsa, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai da bakin gangar a duka ramuka biyar lokaci guda. Wannan ƙar-ƙar-ƙar da ake ji yayin shigarwa, filoli ne ke hawa da sauka a kan haƙoran.

Bambancin zurfi ɗaya da na kusa da shi a wasu makullan bai kai rabin milimita ba. Shi ya sa makullin da aka yanka daga kwafi, shi ma daga kwafi, yake gardama: kowane yanka yana ƙara ɗan kuskure a kan na baya. Tsohon makulli kuma tudunsa sun cinye, sai mai gidan ya saba da janyo shi baya kamar gashi ɗaya, ko ya ɗan ɗaga shi, kafin ya murɗa. Ba baƙo makullin nan, zai yi minti biyar a bakin ƙofa ya rantse ba nata ba ne.

Hajiya Zainab: Sadiya, ga ɗayanki cikin shida nan. Wa kuma ya san janyowar bayan shi?

Sadiya: Mace ɗaya, Hajiya. A babi na uku ta koya masa. Injiniya, in ya ga makullin na cijewa, ya ɗiga masa man keke ne?

Injiniya Habu: Zai iya, in kina so mu san bai san makulli ba. Mai yana kama ƙura, bayan 'yan watanni ya zama danƙo, sifirin ya kasa tura filolin. Wanda ya sani bakin fensir yake gogawa a haƙoran ɗan makullin, ya shigar ya fitar sau biyar ko shida, sannan ya goge baƙin da ya rage da ƙyalle kafin ya mayar aljihu.